Kunya, haƙuri da amana: Abin da darasin Ingilishi zai iya yi wa ɗaliban Tasawa da Mayahi

Ɗalibin sakandare a Tasawa da ya so ya yabi mahaifiyarsa da Ingilishi yana iya yin ɓaranɓarama bai sani ba. A Hausa, idan aka ce mace tana da kunya, an yaba tarbiyyarta ke nan. Amma idan yaron ya buɗe ƙamus ya ɗauko kalmar farko da ya ci karo da ita, wato "shame", ya rubuta cewa mahaifiyarsa na da ita da yawa, Baturen Ingila da ya karanta zai zaci wani abin fallasa ta aikata.

Malami na iya ja wa jimlar layi da jan biro ya wuce. Yana kuma iya tsayawa ya tambayi yaron: me kake nufi da kunya, kuma me ka ga ta yi? Daga nan ne yaron zai fara bayanin cewa ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ba ta cin abinci a gaban surukanta, kuma ko an ɓata mata rai ba ta ɗaga murya a bainar jama'a. Kafin ya gama, ya haɗa jimloli biyar ko shida na Ingilishi a kan abin da ya fi kowa sani. Wataƙila kuma karon farko ke nan da ya tambayi kansa ko shi ma yana da wannan hali, da kuma inda halin yake taimakonsa da inda yake tauye shi.

Irin wannan aiki, wato sa ɗalibi ya yi rubutu a kan ɗabi'un da ya fi riƙo da su, ya daɗe yana jan hankalin masana ilimi a ƙasashen waje. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maradi, inda ƙidayar 2012 ta nuna kowacce na da mutum sama da dubu 500, akwai dalilan da suka sa ya dace da ajin Ingilishi fiye da kowane aji.

Sabon matsayin Hausa da Ingilishi

A ranar 26 ga Maris, 2025 ne Janar Abdourahamane Tiani ya ƙaddamar da sabon kundin sake gina ƙasa, wanda ya maye gurbin tsarin mulkin da aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. Kundin ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. A cikin watan ne kuma Nijar ta sanar da ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta OIF.

A makarantun gwamnati, yaro yakan fara Ingilishi ne a ajin farko na kwaleji, bayan shekara shida a firamare. Zai yi shekara huɗu kafin jarrabawar BEPC, sannan shekara uku a lise kafin bakaloriya. Ga mafi yawan yaran Kanambakashe, Isawan, Urafan ko Korgom, Ingilishi shi ne harshe na huɗu da suka haɗu da shi: Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Faransanci a lakkol. Hatta kalmar "Turanci" a Nijar sai an fayyace ta, domin tana iya nufin na Faransa ko na Ingila.

Ba baƙon abu ba ne a gare su. Kudancin gundumar Tasawa na dab da iyakar jihar Katsina, kuma duk wanda ke da ɗan'uwa a Daura ko Kano ya san amfanin Ingilishi a kasuwa da asibiti da jami'a. Matsalar ita ce yadda ake haɗuwa da shi a aji. Ana fassara shi da Faransanci, wanda shi ma baƙo ne, yaro ya kwafi ƙa'idar nahawu daga allo, ya haddace, ya amayar ranar jarrabawa. Harshen da yake tunani da shi, wanda yanzu doka ta ɗaga darajarsa, yakan tsaya a bakin ƙofa.

Jerin da Bahaushe ya riga ya mallaka

Malamin da ke son ɗalibansa su yi tunani a kan halayensu ba sai ya aro jerin ɗabi'u daga littafin Amurka ba. A watan Afrilun 1973, Anthony Kirk-Greene, wani Baturen Ingila da ya yi aikin mulki a Arewacin Najeriya ya kuma koyar a Zariya kafin ya koma Jami'ar Oxford, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan wanda Bahaushe ke kira mutumin kirki. An buga laccar a 1974. Halaye goma ya lissafa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Abin da ya sa jerin ke da amfani a ajin Ingilishi shi ne kusan babu ɗaya daga cikin goman da ke shiga kalmar Ingilishi guda ya zauna daidai.

A ɗauki haƙuri. Ƙamus zai ce "patience". To amma Bahaushe na cewa "yi haƙuri" idan ya taka ƙafar wani, da idan ya je ta'aziyya, da idan yana raba faɗa, da idan ba shi da abin ba almajiri. Ingilishi na da kalma daban ga kowanne. Ɗalibin da ya ce haƙuri ne halin da ya fi so dole ya zaɓa: jira yake nufi, ko juriya, ko yafiya, ko miƙa wuya? Amana ma haka take. Tana nufin yarda, tana nufin kayan da aka ba mutum ajiya, tana nufin sirri, tana kuma nufin yaron da iyayensa suka turo daga ƙauye ya zauna gidan wani don ya yi kwaleji a birni. Da yawa daga cikin ɗaliban Tasawa da Mayahi su kansu amana ne a gidajen da suke kwana.

Jerin kuma ba wahayi ba ne. Babu zumunci a ciki, babu biyayya ga iyaye, babu kara, babu himma. Tambayar "me Baturen ya manta?" ta isa ta cinye darasi guda. Kuma ba Hausawa kaɗai ke ajin ba. Ɗan Fulani ya taso da pulaaku, inda ake maganar semteende da munyal da hakkiilo, waɗanda suka yi kusa da kunya da haƙuri da hankali. Ɗan Abzinawa ya san ashak, ƙa'idar mutunci da kamun kai ta mutanensa. Duk suna da abin kawowa.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2006, mujallar kimiyya ta Science ta buga sakamakon wani gwaji da Geoffrey Cohen da abokan aikinsa suka yi a wata makaranta da ke arewa maso gabashin Amurka. Ɗaliban 'yan aji bakwai ne, masu shekara 12 zuwa 13, kusan tsarar 'yan ajin farko na kwaleji a Nijar. An ba kowannensu ambulan da jerin abubuwa kamar dangi da abokai, addini, kiɗa, wasanni da zane. Wasu an ce su zaɓi abin da ya fi muhimmanci a gare su su rubuta dalili. Wasu kuma an ce su rubuta a kan abin da bai dame su ba. Aikin bai wuce kimanin minti 15 ba, kuma ba a ba shi maki ba.

A ƙarshen zangon, ɗalibai baƙar fata da suka rubuta a kan abin da suka riƙa da daraja sun samu ƙarin maki, har tazarar da ke tsakaninsu da fararen fata ta ragu da kimanin kashi 40 cikin 100. Bibiyar da aka buga a 2009, bayan an maimaita aikin wasu lokuta, ta nuna tasirin ya kai shekara biyu, kuma ya fi ƙarfi a kan waɗanda tun farko suke baya. A cikinsu, waɗanda aka mayar aji ko aka sa a ajin gyara sun kasance kashi 5 cikin 100, alhali a ɗaya rukunin kashi 18 ne.

Bayanin masu binciken ya samo asali ne daga ra'ayin da masanin halayyar ɗan'adam Claude Steele ya gabatar a 1988. Yaron da ke jin ana kallonsa a matsayin daƙiƙi yakan ɓata rabin hankalinsa wajen fargaba. Idan ya tuna cewa shi ɗa ne, aboki ne, mai riƙon amana ne, faɗuwa a gwaji ɗaya ba ta zama hukunci a kan ko shi wane ne ba, sai hankalinsa ya dawo kan karatu.

Sai dai ba ko'ina abin ya yi aiki ba. Wani gwaji da Thomas Dee ya buga a 2015, daga makarantun yankin Philadelphia, bai ga wani canji na gaba ɗaya ba. A birnin Madison na jihar Wisconsin, an ga tasiri a rukunin farko na ɗalibai, amma da aka sake da na biyu bai bayyana ba. A Ingila kuwa, wani bincike da aka buga a 2020 ya ga ci gaba a lissafin yaran gidajen talakawa. Abin da za a iya ɗauka daga nan shi ne aikin yana taimakon yaron da ke jin an raina shi, idan an yi shi a lokacin da ya dace kuma akwai malamin da zai lura da ƙoƙarinsa. Kuma yaran Amurka da Ingila da harshensu na gida suka rubuta. Wanda zai gwada a Mayahi sai ya fara da Hausa.

Zaɓin da ke gaban ɗalibai

A wannan yanki, maganar ɗabi'u ba ta tsaya a littafi ba, domin ɗan shekara 15 na yanke shawarar da za ta bi shi har tsufa.

Alƙaluman Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, sun nuna kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar na yin aure kafin su cika shekara 18, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma jihar Maradi na sahun gaba. A ranar 5 ga Disamba, 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinyar da ke karatu da tallafa mata, amma a gida ake yanke hukunci. Yarinyar da ke aji uku na kwaleji, wadda aka kawo kuɗin gaisuwarta, tana tsakanin biyayya ga iyaye da burinta na zama malamar asibiti. Dukkansu abubuwa ne da take girmamawa.

Namiji kuma hanya ce ke kiransa. Da an gama girbi, samari kan tafi cin rani Najeriya, wasu su nufi Libiya ko Aljeriya. Tun da aka gano zinariya a Djado da Tchibarakaten a 2014, wata ƙofar ta buɗe. A ranar 7 ga Nuwamba, 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman da ke yankin Ɗan Isa, a cikin jihar ta Maradi, mutum aƙalla 18 suka mutu. Yaron da ya ga sa'ansa ya dawo da babur da waya, shi kuma yana jiran BEPC da ba shi da tabbas a kanta, yana auna haƙuri da himma, da kuma nauyin ciyar da gida.

Ko a cikin aji akwai irin wannan. Aboki ya roƙe ka amsa a ɗakin jarrabawa: gaskiya ta ce a'a, zumunci ya ce e. Wa'azi yakan lissafa kyawawan halaye kamar ba sa karo da juna. Yaro kuwa ya san suna karo, kuma a nan ne yake buƙatar wurin da zai yi tunani ba tare da an katse shi ba.

Yadda darasin zai iya gudana

Ba ya buƙatar littafi ko lantarki. Malami ya rubuta halayen a allo da Hausa, ya bar ɗalibai su ƙara nasu. Kowa ya zaɓi biyu ko uku a ransa, ba tare da ɗaga hannu ba, don kada aji ya bi bakin wanda ya fara magana.

Mataki na biyu shi ne labari. Maimakon a tambayi yaro ma'anar amana, a ce ya ba da labarin ranar da riƙon amana ya ja masa asara, ko ranar da ya kasa riƙewa. Ya fara rubutawa da Hausa ko Faransanci, yadda ya fi masa sauƙi. Wanda bai saba rubuta Hausa ba ya rubuta yadda ya ji ta a kunne. Ba yau aka fara shigar da Hausa aji a Nijar ba, domin tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da ita a Damagaram.

Sai mataki na uku, a mayar da labarin Ingilishi. A nan nahawun da ke cikin manhaja ke samun aikin yi: shuɗaɗɗen lokaci don ba da labari, kalmomin dalili don bayani, jimlar sharaɗi don faɗin abin da zai faru da ya yi akasin haka. Idan kalma ta ƙi fassaruwa, a bar ta da Hausa a bi ta da bayani, kamar yadda marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi suka saba yi.

A ƙarshe, malami na iya gyara nahawu a kwafi na biyu. Amma halin da yaro ya zaɓa ba abin ba maki bisa 20 ba ne. Ranar da ɗalibai suka gane cewa "tsoron Allah da biyayya" ne ke kawo 18, kowa zai rubuta haka, aikin ya tashi a banza.

Labaran da ke bakin ƙofa

Ga manyan ɗalibai na lise, yankin na da labaran da suka isa a yi muhawara a kansu da Ingilishi.

A Maijirgi, cikin gundumar Tasawa, akwai kaburburan hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, waɗanda rundunarsu ta ƙone garuruwa ta kashe dubban mutane a 1899, daga Birnin Ƙonni har zuwa Koran Kalgo. Gwamnatin Faransa ta turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. A ranar 14 ga Yuli, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta a Dankori, shi kuwa Klobb ya hana mutanensa ramawa, aka kashe shi. Cikin kwana uku, sojojin Afirka da ke ƙarƙashin hafsoshin biyu suka yi tawaye suka kashe su. Sojojin nan su ne suka yi watanni suna bin umarni. Ina iyakar biyayya? Yaushe ƙin bin umarni ke zama adalci? Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi sawun rundunar, da Ingilishi aka yi shi, kuma jikokin waɗanda abin ya shafa na magana a ciki.

Akwai kuma labarin gona. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki a Maradi, ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture ya girma maimakon su sare shi, sassaben zamani ya bazu har aka ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Manomin da ya bar gawo a gonarsa, ko macen Gulbin Kaba da ke yankan kaba don saƙar tabarma ba tare da ta kashe goribar ba, suna nuna wani nau'in haƙuri da ya bambanta da naɗe hannu. Ɗalibi na iya yin hira da kakansa da Hausa, ya kawo rahoton da Ingilishi.

Sannan ga Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855. Barth ɗin ya sauka a Tasawa a watan Janairun 1851. Dorugu bai cika shekara 20 ba lokacin da ya ba wani malamin mishan mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, kuma a 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi. Saurayi ne Bahaushe, tsarar 'yan lise, wanda har yau ake karanta abin da ya faɗa game da kansa.

Inda ake iya tuntuɓe

Abu na farko shi ne sirri. Idan aka ce yara su rubuta gaskiya, wata za ta rubuta cewa an sa ranar aurenta ba da sonta ba, wani ya rubuta cewa da yunwa yake zuwa aji. Bai kamata a karanta takardar kowa a gaban aji ba sai da yardarsa. Kuma tun kafin a raba takardu, malami ya san wanda zai tuntuɓa idan ya ci karo da abin da ya fi ƙarfinsa: shugaban makaranta, kwamitin iyaye, ƙungiyar iyaye mata masu kula da karatun yara, ko jami'an kare haƙƙin yara na gunduma.

Na biyu shi ne iyaye. A garin da wasu ke kallon boko a matsayin mai raba yaro da tarbiyya, darasin Ingilishi a kan ɗabi'u na iya jawo zargi. Farawa da kalmomin da uba da liman suka sani, da kuma barin yaro ya zaɓa da kansa, na rage wannan.

Na uku shi ne halin da makarantun ke ciki. Malamai da yawa 'yan kwantaragi ne da suka sha yajin aiki saboda jinkirin albashi. Azuzuwa sun cika, littattafai sun yi kaɗan, wasu ajin ma na zana ne. Kwana ɗaya bayan ruftawar ramukan Ɗan Isa, a ranar 8 ga Nuwamba, 2021, gobara ta tashi a irin waɗannan azuzuwa a birnin Maradi, yara aƙalla 25 suka rasu. Rubutun minti 15 ba zai gina aji ba, ba zai biya malami ba. Hukumar da ta fake da shi ta bar nata nauyin, ita ce ta fara cin amanar da ake koya wa yaran.

Malamin da ke da ɗalibai masu yawa ba zai iya gyara kowace takarda ba, kuma ba dole ne ya yi ba. Yana iya karɓar rubutun farko a watan Oktoba, ya ninke ya ajiye a akwati, ya mayar wa kowa tasa a ƙarshen shekara, dab da jarrabawa. Lokacin ne damina ke kankama, ake fara lissafin wanda zai koma aji bayan girbi, da wanda zai kama hanya, da wadda za a kai ɗakin miji. Yaro zai karanta abin da shi da kansa ya ce ya fi muhimmanci a gare shi wata takwas da suka wuce, sannan a ba shi sabuwar takarda ya rubuta, da Ingilishin da ya ƙaru da shi, ko har yanzu yana kan bakansa.